Gamba ce iyaka

Talata da dare, Damagaram

Na dawo daga Dogo, wandona duk ƙarangiya, raina a ɓace. Yau patron, maigidana a wurin aiki, ya nuna mini halinsa. Mun je awon gonar wani ɗan kasuwa, sai ya ce in kafa turken siminti bayan layin gamba, cikin gonar maƙwabci. Na ce, "Patron, gambar nan ita ce iyakarsu tun kakanni." Ya ce gamba ciyawa ce, ko akuya cinta take. Sannan ya tuna mini cewa sai da sa hannunsa zan gama sitaj, wato koyon aikin da nake yi a ƙarƙashinsa, in sami izinin awon ƙasa da sunana.

Maƙwabcin, wani tsoho, yana tsaye da hauyarsa. Ni kawai yake kallo.

A gindin gamba na kafa turken. Patron ya haɗe rai har muka iso gari.

To, ya riƙe sa hannun nasa, ya jiƙa ya sha! Ko sitaj ɗin zan sake daga farko wajen wani, zan sake. Ranar da zan tsaya gaban alƙali in yi rantsuwar kama aikin nan, ba zan ɗaga hannun da ya saci gonar tsoho ba.