Lallen Inna Uwani

Lahadi, 7 ga Mayu, 1978

Jibi za a zura wa Inna Uwani bututun nan mai fitila a duba cikinta, a asibitinmu. Ni na matsa mata, wata uku tana amai. Matar da ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ta yi ta suyar ƙosai a Gyaɗi-Gyaɗi har na zama nas. Yau ta ce, "Jummai, in tafiyar ce, kada in tafi da hannu fari kamar na namiji." Na yi mata tsiya, na kwaɓa lalle na ƙunsa mata har farata. Ya kama kuwa, har ya yi duhu.

Talata, 9 ga Mayu

Tana da rai. Ba zan iya rubuta sauran ba.

Laraba, 10 ga Mayu

Bari in rubuta ko abinci ya shiga. Inna na da fuka, ga jiki. Da aka yi mata allurar barci, Sista Abimbola, babbar nas ɗinmu, ta tsayar da ni a gefen Inna, ta ce aikina ɗaya: in sa ido a numfashinta da faratanta, da sun fara shuɗi in yi magana. Na kama hannun, sai ga lallena, ba a ganin komai. Na yi gum don kada a tambaya wa ya yi. Inna ta fara minshari, na ce a raina ai haka take yi a gida. Da minsharin ya tsaya har daɗi na ji, wai barci ya yi nauyi. Ni, mai shekara huɗu a aiki!

Sista ce ta ga ƙirjin ba ya motsi. Ta ja leɓen Inna, cikinsa ya yi toka-toka. Likita ya zare bututun, Sista ta ɗaga mata haɓa, ta kifa mata abin rufe hanci, ta daka min tsawa in buɗe tukunyar oksijin. Tana ta matsa jakar iska, ni ina tsaye kamar turmi, har Inna ta yi tari.

Daga baya Sista ta ɗaga hannun Inna ta ce, "Wace ce ta yi wa mai fuka wannan?" Na ce, "Matan gida ne." Wallahi haka na ce.

Asabar, 13 ga Mayu

An sallami Inna. Ƙanwarta Hasana ta zo dubiya daga Tarauni, Inna na ta cewa, "Ba don 'yata na kaina ba, da yanzu kuna zaman makoki." Na shige madafa na yi ta wanke tukunyar da ba ta da datti.

Alhamis, 18 ga Mayu

Na gaya wa Sista ni na yi lallen. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na sani, na ga tafin hannunki ranar. Lallen kuskure ne. Shirun da kika yi ne ya kusa kashe ta." Da mari ta yi min ya fi sauƙi. Za a sake duba Inna ƙarshen Yuni, kuma wai ni zan sake tsayawa.

Lahadi, 25 ga Yuni

Jibi ne. Inna ta turo min ƙwaryar lalle, na ce a'a. Ta ce me ya sa. Ban yi niyya ba, sai na ji ina gaya mata duka, har da "matan gida". Can ta miƙo hannu ta ce, "To duba, ya isa ki gani?" Sabon farce ya fito daga gindi, fari tas. Na ce ya isa, amma ƙirjin zan fi kallo, leɓen ma zan riƙa ja. Ta ce in ja a hankali, ita ba akuya ba ce.

Na ci tuwo malmala biyu.