Sunana a bangon sabil

Yaya Uzairu,

Na tafi kama motar Damazin, ban so in tashe ka ba.

Da safe intanet ta ƙi motsi. Na duba rautar intanet ɗin da na haɗa shekaranjiya, sai ga wayoyi talatin da ɗaya a kanta, alhali mu huɗu ne a gidan nan. Na leƙa waje, samari jere a gindin bango, kowa ya duƙa kan wayarsa.

Yaya, Baba ne. Ya rubuta kalmar sirrin da gawayi, manya-manya, saman randunan sabil da yake cika wa masu wucewa. Inna ta ce wai wannan ma sadaka ce.

Kuma kalmar sunana ce da shekarar haihuwata. Duk unguwa ta karanta.

Na canza ta, sabuwar tana bayan takardar nan. Don Allah ka wanke bangon kafin mutane su wuce sallar azahar. Ni ba zan iya yi wa Baba maganar ba. Ka cika randunan har baki, kada ya ga kamar sadakarsa muka goge.

Hindu