Furar Inna ta isa Agadas ba ta yi tsami ba

Baba,

Sallama a gare ka. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, amma wa zan ba labarin hanyar Agadas in ba kai ba, kai da ka ƙare ƙarfinka kana jan siminti a kanta?

Gida lafiya. Gero ya yi kyau a Dogarawa bana. Kamyonka, babbar motar simintin, yana nan a Malbaza, a hannun wani sabon direba da ba ya tausayin birki.

Sani, autanka, shi ne ya kwanta ciwo a Agadas, inda yake aikin gini. Aka bugo waya aka ce mu zo maza. Inna ba ta yi kuka ba, tashi ta yi ta hau kirɓa fura. Ka san abin da ke ranta. Irin wayar nan aka yi mana a kanka, daga Agadas ɗin. Muka bi mota, ta lalace bayan Abalak, muka kwana a daji, muka tarar har an kai ka makwancinka. Furar da ta ɗauko maka ta yi tsami, ta zubar da ita a gindin bango. Tsoronta, da nawa, kada a sake.

Maigidan Sani ya ce mu je Tawa mu hau jirgin sama. Inna ta ɗaure guzuri irin wanda take ɗaure maka, har da tabarma da buta, wai don kwanan hanya. Na yi mata dariya, amma ni ma sai da na tambayi liman yadda ake salla a sama.

Kai da salla kake auna tafiya. Nan azahar, can la'asar, wuri kaza sai asuba. To Baba, mun yi azahar a filin jirgin Tawa, muka sauka Agadas la'asar ba ta yi ba. Alwalata ma ba ta karye ba. Motar da ta kai mu Tawa daga gida ta fi jirgin daɗewa. 

Na leƙa ta taga. Hanyarka ce a ƙasa, siririya kamar zare, da wani kamyo yana rarrafe a kanta. Ashe duk ramukan da suka cinye maka baya ba a ganinsu daga can? Inna ta rufe ido tana jan carbi. Da na nuna mata, ta buɗe ido ta daɗe tana kallo. Ban taɓa gaya maka ba, ina yaro na tsani hanyar nan, don ta fi mu samunka. Ran nan kewarka ce kawai ta kama ni.

Mun tarar da Sani da rai, ya rame amma ya gane mu. Inna ta kwance ƙullinta, ta shinshina furar, ta nemi nono ta dama. Ya sha, ya ƙara. Sai a lokacin ta yi kukan, kuma na san rabinsa naka ne.

Da yamma na je kabarinka. Ashe kusa kake, Baba. Mu ne muka yi nisa.

Allah Ya kai haske inda kake kwance. Sai mun zo.

Ɗanka,
Isufu