Idon Baba a Mashigar Taha'a

Uturoa, Raiatea
9 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena Raihau,

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Solène da yara. Yaya aikin soja a Toulon? Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi har ta koma coci da ƙafarta, ɗiyar 'yar'uwarmu Hinatea kuma ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a gidan.

Abin da ya sa na rubuto shi ne maganar Baba. Makon jiya muka fita yawon buɗe ido a jirgin ruwa da baƙi huɗu 'yan Beljiyam, kwana bakwai, Baba a sitiyari, ni a kicin kamar kullum. Mutanen kirki ne. Sun yi iyo, sun cinye ɗanyen kifi da madarar kwakwa har da neman ƙari. Ɗayansu rana ta gasa shi tun ranar farko, Baba ya sa masa suna dafaffen jatan lande.

Rana ta huɗu muka shigo tafkin tsibirin Taha'a da hantsi, rana a bayanmu, ruwa garau. Ina tsaye a goshin jirgi sai na hango ruwa ya yi launin ƙasa a gabanmu. Kai ma ka san dutsen murjani ke nan, Baba ne ya koya mana. Na ɗaga hannu, bai juya ba. Na kaɗa hannu biyu, bai juya ba. Sai da na kwarma ihu ya karkata, amma mun riga mun gogi dutsen. Ya ce wa baƙin jirgi ne ke sosa bayansa, suka yi ta dariya. Na nutsa na duba, fenti kawai ya kankare. Raihau, tun da nake bin jirgi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Da na tambaye shi, ya ce hasken rana ne ya kashe masa ido. Da muka dawo na gaya wa Mama, ashe ta sani. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa idon dama, tana kan hanyar na hagu. Tun Ista Baba bai karanta Littafi a coci ba, wai ya haddace.

Na sami Baba a tashar jirage yana naɗe igiya. Bai musa ba. Ya ce zai je Papeete, babban birni, a yi masa aiki idan baƙi sun ɗauke ƙafa a Nuwamba. Ya ce idan mai jirgin ya ji, wani yaro za a ba sitiyarin, shekara talatin ta tafi a banza. Ya ce in zama idonsa na wata huɗu kawai. Bai taɓa roƙona komai ba sai ranar.

Ranar ashirin ga wata wasu baƙin za su zo, da yara uku ƙanana. Ba zan iya tsayuwa a goshin jirgi da kicin lokaci guda ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ran Litinin zan je in gaya wa mai jirgin da bakina. Ba shawara nake nema ba, so nake ka fara ji daga gare ni. Baba zai kira ka ya ce na tona masa asiri. Ka bar shi ya yi faɗansa har ya gaji, amma kada ka ce masa na yi kuskure don ka lallashe shi.

Ka gaishe da Solène, da Manutea, da auta Poerava. Mama da Goggo Tetua suna gaishe ku. Ka riƙa kirana a 'yan kwanakin nan, don daga Litinin ban san ko Baba zai amsa gaisuwata ba.

Yayarka,
Moeata