Kalmar da Na Ji Kunyar Faɗa

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Adana Takardu
Daga: Matar marigayi mai buga takardu, na teburin bakin taga
Kwanan wata: 11 ga Yuni

Game da: Roƙon a sake bincike a kwamfutar maigidana kafin a goge ta

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce matar ma'aikacinka da Allah Ya yi wa rasuwa ranar 2 ga Mayu. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutun.

1. Kwana biyu kafin ya cika, ya ce ya bar mini wasiƙa a kwamfutar ofis, wai shekara uku yana ƙara mata layi-layi a lokacin hutun rana. Bai faɗi sunan fayil ɗin ba, ni kuma ban san ana tambaya ba.

2. Ranar 20 ga Mayu na zo tare da yayan mijina. Mataimakinka ya ce fayilolin sun haura dubu huɗu, amma manhajar rubutun tana iya neman kalma ɗaya a cikinsu duka lokaci guda. Ya ce in faɗi sunan da marigayi yake kirana da shi. Maza biyar ne a ɗakin, ga Yaya tsaye a kaina. Sai na ba da sunan da ke katin shaidata. Ya buga, ba a samu komai ba. Ya miƙo takarda, na sa hannu cewa an duba.

3. Sau uku ina dawowa, mai gadi yana mayar da ni, wai an rufe maganar tunda na sa hannu. Binciken nan ko minti ɗaya bai ci ba, da idona na gani.

4. Jiya mai shara ta raɗa mini cewa ranar 18 ga wannan wata za a goge komai, a ba sabon ma'aikaci kwamfutar.

Ranka ya daɗe, ban ce mataimakinka ya yi ƙarya ba. Shekara goma sha bakwai muna tare, maigidana bai taɓa kirana da wancan sunan ba, sai in asibiti za mu je.

Ina roƙonka ka dakatar da gogewar, ka sa a sake nema sau ɗaya tak. Ba ni da kowa a ofishin nan yanzu. Kalmar ita ce Barkonona. In za a yi dariya a yi, amma a buga ta.

Ka huta lafiya, cikin ladabi da biyayya,

Matar marigayi mai buga takardu