Shirin Gobe Saboda Tsoho

Litinin, 3 ga Maris

Yaya ya kawo mahaifinmu da rana a bayan mota, kamar buhu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Wai matar da ya bar mu dominta ta kwashe kayanta tun yana gadon asibiti. Yaya ya ce, "Wata ɗaya kacal, ƙanwata, kafin in gyara ɗakin baya. Ai ke ce mai aikin asibiti."

Aikin asibiti! Wanki nake yi a asibiti. Zannuwan gado.

Shekara talatin da ɗaya. Ina 'yar tara ya fita da akwatinsa, Inna na zaune a ƙasa, leɓenta na jini. Ko jana'izarta bai zo ba. Yau ga shi a kan gadon 'yata, ita ta koma tabarma a ɗakinmu.

Talata, 4 ga Maris

Ban shiga ɗakin ba. Maigida ne ya ba shi abinci.

Alhamis, 6 ga Maris

Daga aiki na wuce wurin matar fasto, na zazzage mata komai. Na ɗauka za ta ce in ƙara addu'a. Sai ta ce, "Da ƙarfe nawa za ki shiga wurinsa gobe?"

Na ce ban sani ba, Mama.

Ta ce, "Ayoyin Littafi Mai Tsarki kin san su tun kina ƙarama, 'yata. Damuwar ita ce sai fushi ya shigo kike fara neman aya, shi kuwa ya riga ya shimfiɗa tabarma. Zauna tun yau ki rubuta abin da za ki yi gobe, da lokacinsa."

To, ga shi. Aya: wadda ta ce a girmama uba da uwa. Ƙarfe shida in shiga in gaishe shi. In ya kau da kai daga cokali, in ajiye, in ƙirga goma. In ya yi min tsawa, in fita tsakar gida in dawo.



Juma'a, 7 ga Maris

Na gaishe shi. Na ƙirga goma. A ta bakwai ya kaɗe kofin shayi da hannunsa mai lafiya, ya wanke min gaban rigar aiki. Ban fita tsakar gida ba. Abin da na faɗa masa ba zai shiga littafin nan ba.

Lahadi, 9 ga Maris

A coci ana waƙa, ni ina ta lissafin zannuwa nawa suka rage busassu a gida. Biyu.

Laraba, 12 ga Maris

A wurin aiki ina kwashe zanin mutanen da ban sani ba, da jini da amai da komai, in cusa a inji, ko fuska ba na yatsinewa. Nasa kuwa, da na taɓa sai in janye hannu. Na gaya wa Uwar Surutu, wadda muke guga tare. Ta ce, "To ki sa masa lambar gado mana, ki ce gado na sha huɗu ne!" Na yi dariya har da hawaye, daga baya hawayen suka ƙi tsayawa. Ta kashe dutsen gugarta ta tsaya kusa da ni. Karo na farko da na ga bakinta a rufe.

Shirin gobe: ayar da ta ce kada rana ta faɗi da fushi a zuciya. Ubangiji, tawa ranar ta faɗi sau nawa?

Asabar, 15 ga Maris

Na rubuta abin da zan ce in ya roƙi gafara. Layi huɗu. Na haddace shi ina shanya.

Talata, 18 ga Maris

Zan rubuta, tunda ba mai karantawa.

Da safe na tarar ya jiƙa gado. Maigida ya yi sammako, 'yata ta tafi makaranta. Ina ɗaga bargo sai ya dube ni ya kira ni da sunan Inna. Da wannan karkataccen bakin. Irin kiran da yake mata in abinci ya makara.

Na mayar da bargon. Na ja ƙofa. Na tafi aiki.

Awa tara. Ba mantawa na yi ba. Duk zanin da na ninke yau ina sane.

Laraba, 19 ga Maris

Babu shiri. Wane shiri?

Juma'a, 21 ga Maris

Fatar ƙugunsa ta saɓule, faɗin bakin kofi. Na san irin gyambon nan, ina ganin tabonsa a zannuwan ɗakin tsofaffi, na kuma san inda yake kai mutum. Maigida ya duba, ya dube ni, ya fita. Da ma ya zage ni.

'Yata ce ta riƙe min kwanon ruwa. Ta ce, "Umma, Kaka zai mutu ne?" Na ce a'a da ƙarfi, har ta razana.

Ya Yesu, in ya mutu ta hannuna fa? Ni da nake zama layin gaba ranar Lahadi.

Lahadi, 23 ga Maris

Na tsaya bayan sujada na faɗa wa matar fasto, har da awa taran. Ba ta ce ba komai ba, ba ta kuma yi min wa'azi ba. Muka durƙusa a tsakanin bencina. Da muka tashi ta ce in nuna mata shirye-shiryen nawa. Ta karanta ta ce, "Kin yi ta shirya wa zuciyarki abin da za ta ji. Bar ta tukuna. Shirya wa hannuwanki."

Litinin, 24 ga Maris

Wata nas ta koya min wankin gyambon, ta ce a riƙa juya shi duk bayan awa biyu. Na roƙi a mayar da ni aikin yamma na mako biyu, an yarda. Maigida zai karɓe ni daga azahar.

Aya: wadda Ubangiji ya ce abin da aka yi wa marar lafiya, shi aka yi wa. Shida, wanka da magani. Takwas, juyi zuwa hagu. Goma, dama. Sha biyu, hagu, abinci. Safar hannu biyu a aljihu. In ya kira sunan Inna, in ce "Ni ce 'yarka," in ci gaba da abin da nake yi.

Talata, 25 ga Maris

Shida. Takwas. Goma. Sha biyu. Ban ji komai ba, amma na yi.

Alhamis, 27 ga Maris

Yau na karya shiri ta wata hanya. Ina juyin ƙarfe goma, kansa a kan damtsena, ba nauyi ko kaɗan, sai na ji bakina ya ce, "Me muka yi maka? Me Inna ta yi maka?"

Ya zuba min ido. Leɓensa ya shiga motsi. Layukan nan huɗu suna kan harshena. Na kai kunne kusa.

Ya ce, "Ruwa."

Na zauna a bakin gadon, ban san tsawon lokacin ba. Ba zai taɓa roƙon gafara ba. Ko ya manta, ko bai ga laifi ba, ko kalmar ta shanye tare da hannun. Shekara talatin da ɗaya ina jira.

Na ba shi ruwan. Da cokali, don kada ya ƙware.

Lahadi, 30 ga Maris

Na gaji, Ubangiji. Bayana kamar an sara.

Laraba, 2 ga Afrilu

Gyambon ya ƙame, sabuwar fata ta fito ja-ja. Na kira maigida ya gani kamar wata wadda ta ci jarrabawa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Yaya ya bugo waya. Ɗakin baya ya kammala, har da fenti, gobe zai zo da mota. Na tambaye shi wa zai riƙa juya tsohon. Ya ce, "Juyi kuma? Ai kwance yake." Na ce ya san ba ya iya haɗiye shinkafa sai an dama ta? Ya san gefen da ake fara ɗagawa? Ya ce zai koya. Na ce ya bari tukuna, hanyar gidansu duk ramuka ce, mu ga ƙarshen wata.

Maigida yana jina. Ya ce, "Ramuka ko?" Na ce ya matsa min in wuce.

Ba wai na yafe ba ne. Kada in yaudari kaina. Kawai dai ba zan ɓata aikin mako biyu ba.

Gobe shida, wanka. Farcensa ya yi tsawo, in ari abin yankan maigida. Bayan coci, in rana ba ta yi zafi ba, mu fito da shi ƙofar ɗaki ya ga mutane.