Taimama a Kan Dusar Ƙanƙara

Asabar, 14 ga Maris, 2015. Ainu Shams.

Har yanzu yashi nake ji a haƙorana. Yau Hajiyar da nake koyarwa a gidanta a nan ƙasar Larabawa ta sa na raka 'yarta Salma zuwa Fayyum, wani gari a bakin hamada. Makarantar kuɗin da za a kai ta a Kanada tana gasar sulu da katako a kan dusar ƙanƙara, kuma sun ce a aiko da bidiyonta. Mu da ba mu da ƙanƙara, sai aka koma tudun yashi.

Ta faɗi ya fi sau goma, hijabi duk ƙasa, amma sai ta miƙe ta ce wa mai ɗaukar bidiyon, "Yalla, maza a sake."

Ni dai raina ba daɗi. Shekara uku ina zuwa unguwarsu, Dokki, ina koya mata karatun Alƙur'ani, saura izu huɗu ta sauke. Na riga na yanke a zuciyata cewa tana zuwa Kanada, sallah ma sai ta Allah.

Muna dawowa a mota ta ce, "Malama, idan la'asar ta same ni a kan dutse babu ruwa, ana taimama da dusar ƙanƙara?"

Na ce malamanmu na Malikiyya sun halatta. Ranar da muka karanta wannan mas'alar a Kano dariya muka yi, muka ce wa zai taɓa ganin abin?

Astagfirullah. Ina can ina yi mata mummunan zato, ita tana lissafin la'asar.